Ragar Gwamma a Gindin Dumbala

Da sunan Wanda Ya ɗaga sama ba da dirka ba, Ya shimfiɗa ƙasa ba da turke ba, Ya ba kowane abu nauyinsa, Ya kuma ɓoye wa bayinSa yawancin awon. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Arzika, ɗan mai awon hatsi, wanda ya bar gida da baƙin gashi ya komo da furfura da ƙugu mai ciwo. Ku gyara zama in ba ku labarin ƙasar Gindin Dumbala, da matar da na sani a can, da yadda aka rataya ranta a kan awona.

Tun ina ƙarami cutar awo ta kama ni. Ko malmalar tuwo aka miƙo mini sai na jinjina ta a tafin hannu kafin in kai baki. Da na gaji da mudu da tiya, sai na ɗauki sandata na fita neman masu sanin nauyin abubuwa. Na ratsa ƙasar da ake auna iska da salka. Na zauna wurin mutanen da ke yanka inuwa kamu-kamu suna raba wa matafiya. Na kuma faɗa hannun wani sarki mai ɗora baƙonsa a sikeli ran da ya zo da ran da zai tafi, wanda duk ya ragu sai a ce ya raina abincin gari, a tsare shi har ya ciko. Ni kuwa miyarsu ta ɓata mini ciki, na rame kamar kara. Ran tafiya na cika aljihun wandona da tsakuwa, na shanye rabin tulu, na hau sikelin ina addu'a kada tazugen ya tsinke. Sarki ya ji daɗi har ya ba ni guzuri.

Daga nan na isa bakin wani kwari wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Kurmi ne ya cika shi, kawunan itatuwan suna daidai da kan dutsen da nake tsaye. Mutanen dutsen suna ƙetarar da matafiya a cikin kwando, a kan igiya da aka ja daga wannan gefe zuwa wancan. Ni dai ban taɓa son bisa ba, ko rumbu ba na yarda in hau. Na tambayi mai kwandon ko yana da ƙwari, ya ce kakansa ma da shi ya yi aiki. Da ina da wayo, da wannan maganar ta ishe ni.

Muna tsakiyar kwari gindin kwandon ya zube, ashe gara ta daɗe da cinye shi. Na nutse cikin ganye. Wannan reshe ya mare ni ya miƙa wa wancan, babbar rigata tana kama nan tana yagewa can, har na ƙare rassan na fito fili. Sai na ji na faɗa kan wani abu mai taushi da ya tafi da ni ƙasa, ya tafi, ya tafi, har ƙuguna ya bugi ƙasa, sannan ya cilla ni sama ya sake karɓe ni.

Da hankalina ya dawo, na ga ina kwance a kan wata raga ta waya, an ɗaure ta a kan dirkoki huɗu, ta rufe tsakar wani gida. A ƙarƙashina, can ƙasa sosai, wata mata ce tsaye, ta haura hamsin, siririya, hannayenta duk tabon waya. Ta dube ni, ta dubi sama, ta ce ta ga abubuwa da yawa sun faɗo kan ragarta amma yau ne ta fara samun mai gemu. Ita ce Gwamma, masaƙiyar raga. Ta kawo tsani ta sauko da ni, ta gasa mini ƙugu da ruwan zafi, ta ba ni wani kunu mai maiƙo wanda har yau ina jin ɗanɗanonsa.

A gidanta na yi jinya, a nan kuma na san garin. Itatuwan nan su ake kira dumbala. 'Ya'yansu sun kai tulu girma, ɓawonsu kamar dutse, cikinsu gari ne da mai. Shi ne tuwon garin, shi ne kununsa, shi ne fitilarsa. Saboda haka ba sa kiran ɗan dumbala da sunansa, Uwa suke ce masa. Ba a jefa shi, ba a mirgina shi da ƙafa, da hannu biyu ake ɗauka. Idan rana ta take, kututturen da ke riƙe da ɗan itacen ya bushe ya yi ƙara a can sama, duk wanda ya ji sai ya tsaya ya sunkuyar da kai, don Uwa za ta sauko kuma ba a kallon saukowarta. Sai an ji ta zauna sannan a ɗago. Kowane gida da kowace hanya akwai raga a bisa, ita ke tare ta.

Na lura ba mai shigowa gidan Gwamma. Maƙwabta suna wucewa ba sallama, ita kuma tana ta saƙa kamar ba ta gani. Da na matsa mata, sai ta ajiye awartakinta ta gaya mini. A farkon nunar bana, uwargidan Magajin Raga, dattijon da ke hukunci a kan duk ragar garin, tana hutawa a gadonta a tsakar gida da rana, ƙarƙashin ragar da Gwamma ta saƙa. Uwa ta sauko. Da aka ɗago kai, ga ɗan dumbala zaune lafiya a kan raga, ko waya ɗaya ba ta tsinke ba, tsakaninsa da gadon akwai fiye da kamu biyu. Ga tsohuwa kuma a ƙasa ƙirjinta a farfashe, ta cika.

A wurinsu wannan ba ya da fassara sai guda. Ragar da aka saƙa da mugun nufi takan buɗe ido ta bar dukan ya wuce, ta sake rufewa. Hukuncinsa kuma sananne ne, masaƙin zai kwanta a inda mamacin ya kwanta, kowace rana daga hantsi zuwa la'asar, har wata Uwar ta sauko daga reshen nan. In zuciyarsa fari ce, ragar za ta tare masa. Masaƙa uku aka yi wa haka a 'yan shekarun nan, ba wanda ya tashi. Reshen gidan Magaji yana da sauran ɗa guda babba da ya fara ja, masu duba suka ce bai wuce mako ba. Tun gobe za ta fara kwanciyar, amma kowa ya san sai ya yi baƙi zai faɗo.

"Ɗan nan, tsohuwar nan ita ta yi mini wankan jego," in ji Gwamma. "Ban taɓa riƙe ta da komai ba. Amma ina ta binciken zuciyata, ko akwai abin da na ɓoye wa kaina."

Wannan maganar ta fi ƙuguna yi mini ciwo. Tausayinta ya kama ni har na kasa shanye kunun da ke gabana.

Na tambaye ta yadda ake gwada sabuwar raga. Ta ce dattawa huɗu ke ɗauko Uwa mafi girma, su hau tsani, su ajiye ta a tsakiyar raga a hankali cikin ladabi. Takan lotsa kamar taƙi ɗaya. In ba ta wuce haka ba, sai a sa mata albarka. Haka aka gada.

Ina jin haka na tashi da ɗingishina na jingina tsani, na rarrafa zuwa tsakiyar ragarta na zauna. Ta lotsa kaɗan, ko kamu ba ta kai ba. Na leƙa ƙasa, ga tsakar gida can nesa. To wane ne ya bugar mini ƙugu? Ni ɗin nan ne, ragar nan ce, nauyina bai ƙaru ba bai ragu ba. Na zauna ta lotsa taƙi biyu, na faɗo ta kai ni har ƙasa ta dawo da ni. Na ce, "Inna, ragarki ba ta buɗe ido ba. Ƙasa ta je ta dawo, ku kuwa duk kanku a sunkuye."

Can ta ce ko da gaskiya ne, wa zai yarda da baƙon da ya faɗo a kan kansa. Na ce a kan ƙuguna na faɗo, kuma shi ne shaidata.

Washegari na je gaban Magajin Raga. Sunansa Barmo, dogon tsoho ne, idanunsa sun faɗa. Na zo da shirin faɗa da azzalumi, sai na tarar da mutumin da ya kasa cin abinci, ga akushi a rufe a gefensa ƙudaje na kewayawa. Na durƙusa na yi masa gaisuwar rashi, sannan na faɗi abin da na gani. Ya ce iyaye da kakanni sun kwana ƙarƙashin raga mai tsayin nan ba abin da ya same su. Na tambaye shi ko itatuwan suna nan yadda ya san su yana yaro. Ya ce a da yakan hango jar Uwa da baƙa daga ƙasa, yanzu kuwa sai masu hawa sun duba, amma ya ɗauka idonsa ne ya tsufa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, itacen ne ya ƙara tsawo, raga tana nan inda kakanni suka bar ta. Ban roƙi a fasa hukunci ba. A bar ni in haƙa rami a inda gadon yake, ta kwanta a ciki. In ragarta mai buɗe ido ce, dukan zai same ta ko a rijiya take."

Ya juya maganar, ya ga haka ne a bisa abin da suka yarda da shi. Ya ce ba jinin Gwamma yake nema ba, so yake ya san abin da ya raba shi da matar da suka yi shekara arba'in tare. Ya yarda da ramin, da sharaɗin ba za a taɓa raga ko dirka ba, ba za a kuma sari saiwar dumbala ba.

Na yi murna, na ɗauka in na haƙa tsayin mutum an gama. Ina kaiwa gwiwa magirbina ya bugi saiwa, kaurinta ya fi turmi, ta shimfiɗe duk faɗin wurin. Na gwada gabas na gwada yamma, duk ita ce. Ramin ya tsaya a kamu ɗaya. Daga raga zuwa ƙasa kamu huɗu ne, da ramin biyar, a cire kaurin jikin mace a kwance. Yanzu dole in san iyakar inda ragar za ta kai in Uwa ta faɗo daga can ƙololuwa, kafin ta faɗo ɗin. In awo ya nuna ramin bai isa ba, na ƙudurta in sace Gwamma mu gudu, ko da yake ban san hanyar fita daga kwarin ba.

Jefa Uwa haramun ne, amma ba wanda ya hana jefa buhu. Muka ɗora katako a kan turmi, na sa wata tsohuwar Uwa a gefe guda da hannu biyu da ladabi, na cika buhun fata da tsakuwar rafi a ɗaya gefen har suka daidaita, na ƙara kaɗan don ta gidan Magaji ta fi girma. Ragar gidan Gwamma da ta gidan Magaji saƙa ɗaya ce, faɗi ɗaya, waya ɗaya. Sai dai lotsawar tana zuwa ta wuce kafin ƙiftawar ido, ba a iya sa mata ma'auni. Gwamma ce ta kawo dabara. Ta kwaɓa yumɓu ta gina shi kamar doguwar tukunya a ƙarƙashin tsakiyar raga, ta ce duk inda waya ta kai za ta bar sawunta.

Da safe kafin ta tafi kwanciya, da yamma in ta dawo, muna ta wannan aiki. Na saki buhu daga tsayin mutum ɗaya a bisa raga, yumɓu ya nuna kamu ɗaya da ɗan ɗori. Sai na hau turakun da masu duba suka kafa a jikin itacen gidan, ina salati, har tsayin mutum huɗu. Na ce a raina tunda tsayi ya ninku huɗu, lotsawa ma za ta ninku huɗu, shi ke nan mun mutu. Na saki. Da na sauko, yumɓu ya nuna kamu biyu ne kawai, da kaɗan ya ɗara. Ashe raga tana ƙara tauri gwargwadon yadda take miƙewa. Na maimaita, haka ya sake fitowa. Na ƙara hawa har inda ƙafafuna suka ce ba za su ƙara taku ɗaya ba, wajen tsayin mutum tara, aka sami kamu uku ba kaɗan. Mutanen unguwa suna leƙowa ta katanga suna cewa faɗuwar ta taɓa baƙon Gwamma.

Saura tsayin reshen gidan Magaji. Wani maharbi ya harba mini kibiya da zare ta ƙetare shi, muka auna zaren, ya kama tsayin mutum goma sha shida a bisa raga, wato ninki huɗu na hawana na biyu. In ninki huɗu a tsayi ba ya kawo fiye da ninki biyu a lotsawa, to ragar za ta tsaya wajen kamu huɗu, daidai bakin rami. Na gaya wa Gwamma da fara'a cewa tana da sararin rabin kamu a bisa ƙirjinta.

Ba ta yi murna ba. Ta ce dirkokin gidanta bara aka kafa su, na gidan Magaji kuwa sun tsufa, in an ja su za su sunkuyo ciki, ragar ta ƙara sauka. Ta ce in ƙara taƙi guda a lissafin lotsawar. Na ƙara. Abin da ya rage bai fi yatsu uku ba, kuma awon nan ƙiyasi ne, ban taɓa sakin buhu daga can ba.

Na ce mu gudu. Ta ce a'a. Ta ce akwai raga sama da ɗari a garin nan da hannunta ya saƙa, yara suna barci a ƙarƙashinsu. In ta gudu za a ce ta tabbata mayya, a kira wani ya saƙa sababbi daidai tsayin nan, Uwa ta ci gaba da kisa. Ta ce, "Ka auna iyakar iyawarka, ɗan nan. Yatsu ukun nan sun fi abin da sauran suka samu."

Ran da masu duba suka ce Uwa ta yi baƙi, gari ya cika gidan Magaji, kowa ya raɓe jikin katanga. Da yardar Barmo na shafe ƙasan ragar da baƙin tukunya. Gwamma ta ɗaura farin zane, ta shiga rami ta miƙe, ta juya fuskarta gefe, ta shimfiɗa hannayenta a jikinta yadda muka shirya. Na je na durƙusa gaban Barmo na roƙe shi abu ɗaya, in ya ji ƙarar kada ya sunkuya. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa kallon saukowarta ba. Na ce na sani, shi ya sa.

Rana ta take. Gumi yana zuba a idona, ina ta sake lissafin a kaina, kowane zagaye yatsun nan uku suna ƙara ƙanƙancewa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har da faɗowata daga kwando.

Sai ƙarar ta zo daga sama. Kawuna suka sunkuya gaba ɗaya. Na saci kallon Barmo, ga kansa a ɗage.

Uwa ta keto ganye ta faɗa tsakiyar raga. Dirkokin suka yi kuka suka sunkuyo. Ragar ta zurma, ta wuce tsayin mutum a zaune, ta wuce tsayin gado, ta shiga bakin ramin har na daina ganin farin zane. Sannan ta taso, ta cilla Uwa sama, ta karɓe ta, ta yi lilo kaɗan ta tsaya. Da jama'a suka ɗago, abin da suka saba gani suka gani, Uwa zaune lafiya can bisa, raga ta lotsa taƙi guda.

Ban san lokacin da na kai bakin ramin ba, amma tsohon ya riga ni. A kan farin zanen, daidai ƙirjinta, ga zanen idon raga baƙi ƙirin, layi-layi. Ba ta motsi. Na kira ta, Inna, Inna. Sai ta ja numfashi, ta yi tari, ta buɗe ido. Ta ce a hankali, "Yatsunka ukun nan, ɗan nan, ina jin na jariri ne."

Barmo ya shiga ramin da kansa ya tallafo ta ya zaunar. Ya juya ga jama'a ya ce ya gani da idonsa, ragar ba ta buɗe ba, ƙasa ta zo. Ya nuna musu zanen. Ya ce daga yau a sauke kowane gado, a ɗaga kowace dirka, kuma masaƙan nan uku da aka binne a bayan gari a je a nemi gafarar iyalansu. Muryarsa ba ta karye ba sai da ya gama. Sannan ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa a ciki, ya yi magana yadda mu biyu kaɗai muka ji.

"Matata a tabarma take kwanciya da, a ƙasa," in ji shi. "Gwiwarta ce ta fara ciwo, tashi yana yi mata wuya. Ni na sa aka yi mata gadon, na ce a ƙara masa ƙafa."

Gwamma ta dafe haƙarƙarinta da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan ta kama hannun rigarsa.

"Ranka ya daɗe, ta nuna mini gadon nan ran da aka kawo shi," in ji ta. "Sai da ta sa na hau na zauna. Ta ce in gaya wa matan gari su zo su ga yadda ake riƙon tsohuwa."

Tsohon ya rufe fuskarsa da rawaninsa. Ta bar shi ya yi kukansa, ba ta saki hannun rigar ba, jama'a suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Wannan shi ne abin da idona ya gani a Gindin Dumbala. Abin da na ƙara Allah Ya yafe mini, abin da na rage Shi Ya san nauyinsa.